Daga Kurgu zuwa Abuja: Wa ke riƙe da sunayenmu?

  

Batunmu na wannan mako ya shafi kowane ɗayanku, mai waya da marar waya. Tambayar ita ce: shin ya dace gwamnati ta riƙa tattara bayanan yara, tana bin diddiginsu, da sunan hana aikata laifi? Za mu kalli batun ne daga gida, wato daga Kurgu da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo da ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin, domin yaron bakin iyaka shi ne ya fi kowa buƙatar a san da zamansa, kuma shi ne ya fi kowa saurin faɗawa cikin zargi.

Abin da ya sa ake kiran a sa ido

Mu 'yan Jihar Kebbi ba sai an yi mana dogon bayani kan tsoro ba. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, kuma sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo gida, bayan kusan shekara biyu a daji. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe mutane a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandaren Maga da ke Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai ka ji shawarwari na fitowa a rediyo da majalisun hira. Wani ya ce a ɗauki hoto da zanen yatsun kowane ɗalibi. Wani ya ce a kafa kyamarori a makarantu. Wani ya ce a riƙa bibiyar wayoyin samari, tunda da su ake ɗaukar masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Wani ma ya ce a rubuta sunayen yaran da ake ganin alamun za su lalace, a fara sa musu ido tun yanzu, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu wannan magana iyayenmu ne da malamanmu, kuma son mu ne ya sa suke yin ta. Uwar da ta taɓa kwana ba ta san inda 'yarta take ba, in aka ce mata akwai na'urar da za ta nuna wurin, ba za ta tsaya tambayar sirri ba. Mun fahimci wannan. Sai dai kafin mu ce "a yi" ko "kada a yi", ya kamata mu san abin da aka riga aka yi.

An riga an fara

Da yawanku kuna da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. An kafa hukumar da dokar 2007. Yaron da bai kai shekara 16 ba ana yi masa rajista ne a jingine da lambar mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko mai riƙonsa, in ya kai 16 kuma sai a ɗauki zanen yatsunsa. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da wannan lamba. A Disambar 2020 kuma gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da NIN, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne tsaro.

To, yaya bibiyar take aiki? Muddin wayarka na kunne, tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ko kana kira ko ba ka kira. Kamfanin waya ya san layin da ya kira wani layi, da lokacin, da tsawon maganar, da ƙarfen da kiran ya bi. Ita kanta wayar tana da lambar jikinta daban, wadda ba ta canzawa ko da ka canza layi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni su adana irin waɗannan bayanai har shekara biyu, su kuma miƙa wa hukumomin tsaro idan an nema bisa doka.

Ku haɗa lissafin da kanku. Lamba ɗaya ce ke riƙe da sunanka da hotonka da ranar haihuwarka da adireshinka. Ita ce a jikin takardar jarrabawarka. Ita ce a jikin layin waya, ita ce a jikin asusun banki. Wanda ya samu damar buɗe waɗannan ƙofofi gaba ɗaya, ya san ka fiye da yadda abokin zamanka na aji ya san ka. Kun ga ke nan igiyar tana nan a ɗaure. Abin da ya rage shi ne a san wanda ke riƙe da ɗaya bakin, da abin da zai yi da shi.

Rashin rajista ma haɗari ne

Kada wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, ba zai yi NIN ba. Wannan kuskure ne babba. A ƙauyukanmu akwai yara da yawa da aka haifa a gida, ba a yi musu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba. Irin wannan yaro, in aka yi safararsa zuwa aikatau a wani birni ko aka tsallaka da shi iyaka, babu takardar da za ta nuna ɗan waye ne. In aka kama shi bisa kuskure, ba shi da abin da zai tabbatar wa alƙali cewa shekarunsa 15 ne ba 19 ba, alhali wannan bambanci shi ke raba kotun yara da gidan yarin manya. In makaranta ba ta da cikakken jerin ɗalibanta, ranar da aka kai hari ma sai an yi kwanaki ana musun yara nawa aka ɗauka.

Maƙwabtanmu na Benin su ma sun gane haka, shi ya sa suka yi gagarumar rajistar jama'arsu daga ƙarshen 2017 zuwa 2018, domin kowa ya samu lambarsa.

Saboda haka rajista iri biyu ce, kuma wannan shi ne abin da muke son ku riƙe daga rubutun yau. Akwai rajistar da ke ƙirga yaro domin a ba shi haƙƙinsa: kujera a aji, allurar rigakafi, shaidar ɗan ƙasa. Akwai kuma jerin da ke ware yaro domin ana zargin abin da zai aikata gobe. Ta farko kariya ce. Ta biyu tabo ce. Abin tsoron shi ne da bayanai iri ɗaya ake yin su duka, kuma ta farko kan rikiɗe ta koma ta biyu ba tare da an yi shela ba.

Darasi daga Ingila

Wannan muhawara ba a kanmu aka fara ta ba. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Victoria Climbié, haifaffiyar ƙasar Kwaddibuwa a nan Afirka ta Yamma, ta rasu a Landan sakamakon azabar da wata 'yar'uwar iyayenta mai riƙonta da saurayin matar suka gana mata. Binciken da aka yi ya nuna likitoci sun gan ta, 'yan sanda sun san da ita, ma'aikatan jin daɗin jama'a sun san da ita, amma kowa ya riƙe nasa guntun labarin, ba a haɗa ba har ta mutu.

Ran mutanen Ingila ya ɓaci ƙwarai, sai gwamnati ta yi dokar yara ta 2004, wadda ta ba da damar kafa rumbun bayanai mai suna ContactPoint. An zuba sunayen yara kusan miliyan 11 a ciki, wato duk yaran Ingila, da adireshinsu da makarantarsu da likitansu. An kashe fam miliyan 224 wajen gina shi, aka fara amfani da shi a 2009.

Niyyar ta alheri ce, amma tambayoyi suka taso. Sama da ma'aikata dubu 300 ne aka tsara za su iya leƙa rumbun. Wa zai tabbatar babu mugu ko ɗaya a cikinsu? Matar da ta gudu da 'ya'yanta daga mijin da ke dukanta, yaya za ta yi in yana da aboki mai mabuɗin rumbun? Ga shi kuma a 2007 wata hukumar gwamnatin ƙasar ta ɓatar da faifai biyu ɗauke da bayanan mutum miliyan 25 na iyalan da ke karɓar tallafin yara. Masana suka ƙara da cewa in kana neman allura a cikin tarin ƙaiƙayi, ƙaro ƙaiƙayi ba zai taimake ka ba: yaran da ke cikin haɗari kaɗan ne, kuma an riga an san da yawansu, abin da aka rasa shi ne mai ɗaukar mataki. A Agustan 2010 sabuwar gwamnati ta rufe rumbun baki ɗaya.

Lokacin da suna ya shiga jerin zargi

Misali na biyu ya fi wannan ɗaci. Bayan tarzomar 2011, 'yan sandan Landan suka buɗe wani jeri a 2012 na matasan da suke zargin 'yan daba ne. Ba sai kotu ta kama mutum da laifi ba kafin sunansa ya shiga. Abokan da yake yawo da su, ko bidiyon waƙar da ya yaɗa a intanet, na iya jawo masa. Rahoton ƙungiyar Amnesty na 2018 ya nuna kashi 78 cikin 100 na mutanen jerin baƙar fata ne, kuma mafi ƙanƙantarsu ɗan shekara 12 ne. Yaro bai san yana ciki ba, balle ya kare kansa. Ana kuma raba bayanan da wasu hukumomi, har abin ya shafi makaranta da gidan haya da neman aiki.

A 2017 wani sashe na jerin, mai bayanan mutum 203, ya fita daga hannun ƙaramar hukumar Newham, hotunansa suka shiga Snapchat har suka isa hannun ƙungiyoyin daba masu gaba da juna. An ci tarar ƙaramar hukumar fam dubu 145 a 2019. Amma tara ba ta mayar da sirrin da ya riga ya fita, domin magana zarar bunu ce. A Fabrairun 2024 'yan sandan suka daina amfani da jerin.

A Amurka ma, jaridar Tampa Bay Times ta bankaɗo a 2020 cewa ofishin 'yan sandan gundumar Pasco a jihar Fulorida na amfani da bayanan makaranta, irin su faɗuwa jarrabawa da fashin zuwa aji, har da tarihin cin zarafin da aka yi wa yaro a gida, wajen haɗa jerin yaran da wai za su iya zama masu laifi. Ku duba fa: yaron da aka zalunta, zaluncin da aka yi masa ne ya zama hujjar zarginsa.

Da a Kurgu ne fa?

Yanzu mu dawo gida mu gwada. A ce an kawo irin wannan tsari ƙasar Bagudo, an ce kwamfuta ta zaƙulo yaran da ke da "alamun haɗari". Waɗanne alamu za a ba ta?

In aka ce yawan tsallaka iyaka, to an kama rabin ajinku. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja wannan layi, suka raba dangi biyu. Mutumin Tsamiya na da 'yan'uwa a Segbana, na Lolo da Illo na da dangi da abokan ciniki a ɗaya ɓangaren. Ana tsallakawa biki da suna da ta'aziyya da cin kasuwa, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta halatta wannan zirga-zirga. Duk mazaunin bakin iyaka ya san waya kan kama sabis ɗin Benin alhali mutum na tsaye a ƙasar Najeriya. Mai duba allo a Abuja ba lallai ya san haka ba.

In aka ce fashin makaranta, to an kama yaron da ke taya mahaifinsa dashen shinkafa ko cirar albasa, da wanda ambaliyar kogi ta raba da makaranta makonni, da ɗan makiyayin da ya bi shanu. In aka ce mallakar layi biyu ko uku, to kowa ya san dalili: wannan na kamawa a gida, wancan sai a gona. In aka ce hawa babur da dare, to an kama ɗan kabu-kabun da ke tara kuɗin rajistar jarrabawa. Ashe kwamfutar za ta tattaro talauci da zaman ƙauye da zaman bakin iyaka ne, ta sa musu suna laifi.

Mun taɓa ɗanɗana irin wannan kuɗin goro. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, sai a Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, domin maganin 'yan fasa-ƙwauri. Manomin da ke neman man injin ban-ruwa bai yi fasa-ƙwaurin komai ba, amma da shi aka sha wahalar, saboda kawai inda Allah Ya ajiye shi. Wake ɗaya ya ɓata gari. Ita waccan doka ana iya janye ta a wayi gari ta wuce. Sunan yaro kuwa in ya shiga kundin zargi yana ɗan shekara 14, zai iya tarar da shi yana ɗan shekara 24, ranar da ya je neman aikin ɗan sanda ko kwastan ko takardar fita waje, kuma ba wanda zai gaya masa dalilin da aka ƙi shi.

Akwai wani abu kuma. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ita ce sai mai shekara 18 zai yi rajistar layi da sunansa. Ma'ana yawancin layukan da ke hannunku da sunan Baba ko Inna ko Yaya suke. Duk abin da aka yi da layin, ƙofarsu za a ƙwanƙwasa. Haka nan in wani ya ari wayarka ya yi kiran da bai dace ba, na'ura ba ta san aro ba.

Rumbun da ke yoyo

Sai tambaya ta gaba: bayanan da aka riga aka karɓa, suna cikin aminci? A Maris na 2024 kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya. A Yunin shekarar ƙungiyar Paradigm Initiative ta sanar da gano wani shafin da ke sayar da irin waɗannan bayanai a kan Naira 100 kacal, har ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani domin ta tabbatar da zancenta. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ta wace kafa bayanan suka bi, abin lura shi ne sun isa kasuwa. A Yulin 2025 kuma hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bi suna sayen lambobin NIN da BVN na mutane da 'yan kuɗi kaɗan, ana buɗe asusun damfara da su.

Ba sai an je intanet ba ma. Mu da ke jami'a mun sha ganin kwafin takardun ɗalibai, da hoto da lamba da komai, a zube a bayan shagunan kwamfuta bayan an gama rajista, wasu ma a hannun mai ƙosai an naɗe wa wani karin kumallo.

Yanzu ku yi tunanin rumbun da ke ɗauke da sunan kowace ɗaliba, da ɗakin kwananta, da sana'ar mahaifinta, da hanyar da take bi zuwa gida. A hannun mai gaskiya kariya ce. In ya faɗa hannun mai satar mutane kuwa, an ba kura ajiyar nama, an kuma nuna mata wanda ya fi tsoka.

Shin bibiyar ta hana satar?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa duk mai neman ƙarin bayananmu. An haɗa layuka da NIN tun daga ƙarshen 2020, amma masu garkuwa ba su daina kiran iyaye a waya suna cinikin kuɗin fansa ba. A Janairun 2024, bayan sace wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya a yankin Bwari na Abuja, tsohon ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka kawo tsarin, ya fito ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Bayan harin Maga kuma Gwamna Nasir Idris da kansa ya nemi a binciki dalilin janye sojojin da aka kai makarantar kafin maharan su iso.

Ku lura da kyau. A duk waɗannan hare-hare, ba rashin sanin sunayen ɗalibai ne ya kawo matsala ba. Masu gadi ne ba su isa ba, hanya ce ba ta da kyau, ɗauki ne bai zo da wuri ba. Ɗaliban Yawuri da na Maga ba su ne masu laifi ba, su aka yi wa laifi. In akwai wanda ya cancanci a bi diddiginsa dare da rana, to mai riƙe da bindiga ne da mai kai masa mai da abinci da mai karɓar masa kuɗi.

Abin da doka ta ce

Kuna da haƙƙi, kuma a rubuce yake. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, kodayake sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan da doka saboda tsaro. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tabbatar wa yaro sirrinsa a sashe na 8, tare da barin iyaye su kula da tarbiyyarsa. Addininmu ma ya riga kowa, domin Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da yawan zato.

A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce kafin a sarrafa bayanan yaro bisa yarda, sai an samu yardar iyayensa ko mai riƙonsa. Ta ba mutum damar tambayar abin da aka ajiye a kansa, da neman a gyara kuskure, da kai ƙara gaban hukumar. Sai dai ta ɗauke wa hukumomin tsaro wasu daga cikin sharuɗɗan idan suna binciken laifi ko aikin tsaron ƙasa. Duk da haka ba ta sake su sakaka ba: har su ma dole bayanan su zama na gaskiya, a karɓe su don wata manufa sananniya, kada su wuce buƙata, kada kuma a riƙe su fiye da lokacin da ya dace.

Tambayoyi huɗu

Matsayinmu a wannan fili shi ne: a yi wa kowane yaro rajista, a ba shi shaidarsa, makaranta ta san ɗalibanta. In akwai hujja a kan wani takamaiman mutum, a bi doka a bincike shi, ko yaro ne, ta hanyar da aka tanadar wa yara. Amma ba mu yarda a haɗa jerin yara bisa hasashen laifin da ba su aikata ba.

Duk ranar da aka kawo muku fom a makaranta ko a unguwa, ku yi tambayoyi huɗu cikin ladabi. Wace hukuma ce ke karɓa? Me za a yi da shi? Su wa za su gani? Yaushe za a goge? Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Kuna iya cewa, "Malam, don Allah a ba mu fom ɗin mu kai wa iyayenmu su gani tukuna." Wannan ba rashin kunya ba ne. Shugabannin ɗalibai da 'yan ƙungiyar muhawara, ga batun da za ku iya kai wa taron iyaye da malamai.

Sauran kuma yana hannunku. Kada ku sayar da lambar NIN ɗinku ko ta iyayenku, ko nawa aka ba ku, domin asusun da za a buɗe da ita na iya karɓar kuɗin fansa, kuma sunan da ke jiki shi za a nema. Kada ku sa Yaya ko Inna su yi wa baƙo rajistar layi. In kun je shagon kwamfuta, ku karɓe asalin takardarku da duk kwafin da ya lalace, ku kuma sa a goge hoton daga kwamfutar kuna tsaye. Kada ku ɗora hoton takardar NIN ko ta JAMB a Facebook ko WhatsApp don murna. Ku duba sunanku da ranar haihuwarku tun yanzu, in akwai kuskure a gyara kafin lokacin rajista ya ƙure. Wanda kuma ke da ƙane ko ƙanwa marar takardar haihuwa, ya tuna wa Baba a je a yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman ɗaliban Bagudo da Ka'oje da Illo da Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka: a makarantarku waɗanne bayanai aka taɓa karɓa, kuma an gaya muku dalili? Ku rubuto, za mu kawo wasu daga cikin wasiƙunku a wannan fili, ba tare da bayyana cikakken sunan kowa ba.

Allah Ya tsare mu da ku, Ya dawo mana da zaman lafiya a Kebbi da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.